Yadda Na Zama Makiyayin Shanu Biyar a Cikin Kwamfuta

Wani yaro da ban taɓa gani ba ne ya jefa ni cikin wannan wahala, ranar da uwarsa ta kira shi cin abincin dare.

A wasan World of Warcraft, musamman tsohon zubinsa da aka dawo da shi a 2019 da sunan Classic, yawanci ba a shiga kogon dodanni sai an haɗa mutum biyar: ɗaya ya tsaya gaba ya sha duka, ɗaya mai magani ya riƙa ɗinke raunukan jama'a, uku kuma su kai hari. Masu kai hari kamar ƙasa suke, ko'ina ka juya ga su. Mai magani kuwa sai ka yi shela kamar mai cigiyar akuya. A daren nan mun yi kusan awa guda muna nema kafin muka samu, muka shiga kogon Wailing Caverns, wanda hanyoyinsa suka fi lungunan tsohon gari ruɗarwa. Mun ci rabin tafiya ke nan sai yaron nan, wanda shi ne mai maganinmu, ya rubuta cewa mama na kira, ya ɓace. Macizai suka yi walima da mu. Ƙarfe ɗaya na dare, datata ta tafi, barcina ya tafi, ko tsinke ban samu ba.

Washegari ina ta huci na ci karo da wani bidiyo. Bokaye biyar ne iri ɗaya, suna tafe a jere kamar 'yan fareti. Suka tsaya tare, suka ɗaga hannu tare, tsawa biyar ta faɗa kan dodo ɗaya, ya kife ko shurawa bai yi ba. Kuma duka biyar ɗin mutum ɗaya ne ke juya su. Masu harkar suna kiranta maltiboksin, daga kalmar akwati a Turanci, domin a zamanin EverQuest, wasan da ya fito a 1999, sai mutum ya jera akwatunan kwamfuta biyu ko uku, kowane gwarzo da nasa. Na ce ashe maganin yana nan ina ta bin yaran mutane. Tawagar da babu mai uwa a cikinta sai ni, kuma tawa uwar ta daina kirana cin tuwo tun da daɗewa.

Kowane gwarzo sai da asusunsa, kowane asusu kuma kusan dala 15 a wata. Biyar ke nan dala 75. Akwai wasu kuɗi da na ware don canza batirin inbata, wanda ya fara tsufa. Na ce baturi ai ba gudu zai yi ba.

Sai da na biya tukuna na zauna karanta doka, kamar mai sayen gida ya biya sannan ya tambayi ko unguwar na ambaliya. Ashe bidiyon nan tsoho ne. A Nuwamba 2020 Blizzard, kamfanin da ya yi wasan, ya haramta manhajar da ke aika dannawa ɗaya zuwa dukkan tagogin wasan lokaci guda, a Mayu 2021 kuma ya haɗa har da na'urorin da ke yin wannan aiki. Masu wasan EVE Online ma sun riga shi tun Janairu 2015. Mallakar asusu biyar halal ne, amma kowane gwarzo sai ka shiga tagarsa ka danna masa da hannunka. Na dubi hannuwana. Biyu ne, kuma ɗaya yana kan linzami.

Na zaɓi ƙabilar Tauren, wasu ƙattai masu kan sa, da ƙaho da kofato da jela. Mayaƙi ɗaya, bokaye huɗu. Na raɗa wa mayaƙin suna Bajimi, sauran kuma basira ta ƙare, suka zama Nabiyu, Na'uku, Nahuɗu da Auta. Maiɗakina ta leƙo da kofin shayi, ta ga shanu biyar tsaye a makiyayar Mulgore, ta ce, "Maigida, kiwo ka fara? To Allah ya sa a ga nono."

Darasin farko shi ne raƙumi da akala. Akwai umarnin da za ka rubuta, gwarzo ya riƙa bin wani duk inda ya sa ƙafa, da wani umarnin da ke sa ya auna abin da jagora ya auna. Na ɗaura wa kowannensu waɗannan a kan madanni, na ja Bajimi, sai ga su tiɓi-tiɓi a bayansa. Wallahi na ji daɗi. Na zagaya sansanin Narache sau uku ba don komai ba, don dai a gan ni.

Daɗin bai kai ko'ina ba. Boka ba ya jefa tsawa yana tafiya, sai ya tsaya, kuma sai abin da zai jefa yana gabansa. Na tsokano wata tsuntsuwa mai kama da jimina, na yi tsalle zuwa tagar Nabiyu na danna, aka ce abin ba ya gabansa. Na'uku ma haka. Na duba da kyau, ashe duk huɗun sun kafa wa ƙeyar Bajimi ido, jiminar kuwa ta zagayo ta gefe tana saran cinyarsa. Kafin in juya su ɗaya bayan ɗaya, Bajimi ya gama da ita shi kaɗai, su kuma suna tsaye kamar 'yan rakiyar amarya.

Ga kuma lissafin da ban yi ba. Aiken farko a wurin shi ne a kawo nama 7 da gashin tsuntsu 7. Ga mutum ɗaya wasa ne. Ga garkena nama 35 ne da gashi 35, kuma kowane sai na shiga tagarsa ya sunkuya ya ɗauki nasa. Ladan kisa kuma rabawa ake yi tsakanin 'yan tawaga. Yaran da muka fara tare da su da safe suka wuce, suka bar ni ina fige jiminu har la'asar.

Amma duk wannan share fage ne. Babban abin ya faru a Thunder Bluff, birnin Tauren, wanda aka gina a kan wasu dogayen duwatsu masu shafaffen kai. Daga ƙasa ba a hawansa sai da lif na katako, wanda ke sauka ya hau da kansa, ba ya jiran kowa, kamar direban da ya cika mota. Hawa ya zo da sauƙi, domin na shigar da su ɗaya-ɗaya cikin natsuwa. Da na gama abin da ya kai ni, har na fara ji da kaina. Na zo sauka na ga lif ɗin a tsaye, na ce bari in yi sauri kafin ya tafi. Na ja Bajimi da gudu ya hau.

Masu bi kullum suna 'yan taku kaɗan a baya, ga kuma jinkirin intanet, don sabar wasan tana Turai ni ina nan. Bajimi na sa ƙafa, katakon ya fara sauka. Nabiyu ya iso bakin, bai ga katako ba, amma an ce masa ya bi, shi kuma ba ya musu. Ya taka iska. Na'uku ya bi shi. Nahuɗu ya bi Na'uku. Ina tsaye a kan lif ina sauka a hankali, ina kallon dala 15 tana wuce ni ta gefe, wata dala 15 na biye da ita, kowace da jelarta a sama. Na rarumi kibod don in ceci Auta, na danna tagar da ba ita ba, na buɗe takardar lissafin ofis. Kafin in dawo, Auta ma ya cika umarni.

Da lif ya dire, na tarar da su a ƙasa a jere, yadda suka saba tafiya. Wani ɗan wasa da ke jiran hawa ya dubi gawarwakin, ya dubi Bajimi, ya sa gwarzonsa ya durƙusa yana kuka. Har yau ban san ko ta'aziyya ce ko iskanci ba.

A wasan, wanda ya mutu yakan farka a maƙabarta a matsayin kurwa, sai ya tako da ƙafa zuwa inda gawarsa take. Bokayena ba su kai mataki na 12 ba, inda ake koyon tayar da wanda ya faɗi, kuma ko sun kai, duk su ne a kwance. Haka na haɗa kurwa huɗu na sa su bi juna. Ihun da na yi ya fito da maiɗakina daga kicin da ludayi a hannu. Na yi mata bayani. Ta ce, "Duka huɗun? To wa ya ce su bi ka?" Na ce ni ne. Ta koma kicin ba ta ƙara ko kalma ba, kuma da ta yi magana da ya fi mini sauƙi.

Na daure muka ƙetara zuwa yankin Barrens, inda aka aike mu kawo kofaton zhevra, wata dabba mai zanen jakin dawa da ƙaho ɗaya. Huɗu ake so ga kowa, ni 20 ke nan. Dabba ce mai ƙafa huɗu, kana ganinsu da idonka, amma ka kashe goma ka duba ka tarar babu kofato ko ɗaya. Wannan sanannen abin takaici ne ga duk wanda ya bi ta wurin, ni dai nawa ninki biyar ne.

Bayan mako uku na ce lokacin ramuwa ya yi. Na tsaya bakin Wailing Caverns da rundunata, ba shela, ba roƙo, ba jiran kowa. Karon farko da dodanni biyu muka yi nasara, da ƙyar. Karo na biyu uku suka taso. Jinin Bajimi ya fara sauka, ni kuma ina tagar Na'uku ina jefa tsawa. Na koma wurin Auta, wanda na naɗa mai magani, na danna, sai ya warkar da kansa, shi da ko ƙwarzane ba shi da shi. Bajimi ya faɗi. Cikin fushi, yatsuna suka rubuta abin da suka saba rubutawa: mai magani barci kake yi? Saƙon ya fito a tagogi biyar. Na zauna ina kallonsa, har da ɗan jiran amsa.

Ban gama farfaɗo da su ba aka ɗauke wuta. Inbata ta yi ƙara sau biyu, ta tuna mini da batirin da na ce ba gudu zai yi ba, ta yi shiru. Na'urar intanet ta mutu, shanu biyar suka tsaya cak a tsakiyar macizai.

Ranar Asabar na haɗiye girman kai na kira ɗan yayata, ɗan shekara goma sha uku, da ke gidan da ke kallon namu. Na ari kwamfutar ofis na ɗora masa Auta, na riƙe huɗu. Cikin minti goma yaron ya gane abin da na yi mako uku ina fama da shi. "Kawu, ka daina tsokano uku-uku. Kawu, Nahuɗu ya maƙale a bayan dutse tun ɗazu. Kawu, juya su mana, bango suke kallo." Na so in tuna masa wanda ya biya kuɗin asusun, amma jinin Bajimi bai taɓa cika haka ba, sai na yi shiru.

Muka wuce inda aka kashe ni da farko, muka wuce inda na kashe kaina. Muka kayar da manyan dodannin kogon ɗaya bayan ɗaya, har da wani wurin tsalle da sai da na tsallakar da kowane sa shi kaɗai ina addu'a. Magariba ta wuce, muka yi salla muka dawo. Muka iso gaban wani babban dodo, na gyara zama, na jera bokayena suna fuskantar inda ya kamata, na tura Bajimi ya kai sara. Jininsa ya fara sauka, Auta ya ɗaga hannu zai yi magani.

Sai muryar Yaya ta ratso katanga, tana kiran sunan yaron, tana cewa tuwo na hucewa.

Ya cire abin kunne ya ajiye a kan tebur. "Kawu, Umma na kira."