Jinjina ga Ƙananan Hukumominmu, Masu Kiwon Hayaƙi

A yi wa shugabannin ƙananan hukumomin birnin Kano adalci, a faɗi alherinsu tun suna kan kujera. Daga Fagge zuwa Dala, daga Gwale zuwa Kumbotso, sun gano maganin gurɓatar iska wanda ya gagari Turawa da duk bokonsu: kada a auna ta. Abin da ba a auna ba ba ya shiga takarda, abin da bai shiga takarda ba kuwa ofis bai san da zamansa ba. Ranku ya daɗe, wannan basira ba kowa Allah ya ba ba.

Ku dubi wahalar da Ingila ta jawo wa kanta. A watan Disamba na 1952 hayaƙin kwal ya turnuƙe Landan na 'yan kwanaki, dubban mutane suka mutu. Maimakon su ce kwana ne ya ƙare, sai suka kafa dokar tsabtace iska a 1956. Abin bai ishe su ba, dokar muhalli ta 1995 ta wajabta wa kowace ƙaramar hukuma bibiyar iskar yankinta. Inda gurɓata ta haura ƙa'ida sai ta shelanta wurin a fili, ta kuma rubuta yadda za ta gyara. Ka ji tonon silili! Har ta kai a 2020 mai binciken musabbabin mutuwa ya tabbatar cewa gurɓatacciyar iska na cikin abin da ya yi ajalin wata yarinya 'yar shekara 9 a kudancin Landan. Mu nan an rufa mana asiri. Yaro ya kwana yana tari har numfashi ya gagare shi, a ce sanyi ne ya shige shi, a yi wa uwarsa sannu, babu sunan kowa a ciki.

Jadawali na huɗu na kundin tsarin mulkin 1999 ya lissafa ayyukan ƙaramar hukuma, a ciki akwai kwashe shara da kula da kasuwanni da mahauta da tashoshin mota. Wato kusan duk inda hayaƙin gari ke tashi a hannunsu yake, kuma wallahi ba su yi sakaci da wuraren nan ba. Kafin mai shayi ya hura wuta, mai yankan rasit ya iso. Sun san adadin shaguna, sun san teburin mai tsire da rumfar mai kayan miya, ba wanda ke kuɓuce musu. Janaretocin da ke ruri a ƙofar shagunan Sabon Gari da Kantin Kwari tun safe har magariba ne kaɗai suka ɗauke wa kai, don hayaƙi ba ya biyan haraji.

Wajen tattali kuwa sai a zo a koya a gurinsu. Me zai sa a ƙona man dizal a kwashe bola, alhali ashana ɗaya ta wadatar? Leda da roba da tsummokara da matattun batura su yi ta ci a hankali kwana da kwanaki, unguwa ta sha turare kyauta, 'yan makarantar allo da ke kusa su fi kowa samun rabo. A mahauta a babbake kai da ƙafa da tsohuwar taya, baƙin hayaƙi ya miƙe sama, naman ya shigo gari. In ka yi magana a ce shara aikin jiha ne, jiha ta nuna hukumar NESREA ta tarayya da aka kafa a 2007. Kowa ya girmama na sama da shi ya bar masa aikin. Ina ka taɓa ganin ladabi irin wannan?

Sai babban gatansu, hazo. Gaskiya ne ƙurar hunturu daga hamada take tasowa, musamman kwarin Bodele na ƙasar Chadi, kuma ba ciyaman ne ya aiko ta ba. Amma da ita ake lulluɓe sauran laifi. A sanyin asuba hayaƙin bola da na a-daidaita-sahu da na itacen girki ba ya tashi sama, kwanciya yake yi daidai hancin yaran da ke tafiya makaranta. Ƙwayoyinsa sun yi ƙanƙantar da ido ba ya gani, suna ratsa huhu su shiga jini, su tayar da asma, su jawo ciwon huhu da na zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatar iska na kashe mutum kusan miliyan 7 a shekara, a 2021 ma ta ƙara tsaurara ma'auninta. Namu jagororin sun huta da wannan lissafi, sun ce mu yi ta addu'a damina ta sauka.

Dattawa suna tuna zamanin duba-gari, wanda jin yana tafe kawai ke sa a share gida a rufe randa. An 'yantar da mu daga wannan takura, an bar mana sharar Asabar ɗin ƙarshen wata, wadda sau da yawa ake rufe ta da cinna wa abin da aka tara wuta. Da can kukan rashin kuɗi ake yi, sai Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a Yulin 2024 cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Ko kuɗin ya iso ko yana hanya, ƙaramar na'urar auna iska ba ta kai kuɗin walimar rantsar da kansiloli ba, hana ƙona bola kusa da makaranta kuwa umarni kawai yake buƙata.

Jama'a, huhun 'ya'yanmu ne ke biyan kuɗin wannan shiru. Duk ranar da kansila ko ciyaman ya shigo unguwarku neman ƙuri'a, ku kai shi bakin bolar da ke ci, ku tambaye shi ranar da za a kwashe ta, da wanda zai riƙa auna iskar yana liƙa sakamakon a ƙofar sakatariya.