Digirin Hoto Ya Riga Na Takarda Fitowa

Malami ko buɗe takardun jarrabawar ƙarshe bai yi ba, amma tuni ɗalibinsa ya ba kansa digiri a Facebook. Leƙa BUK ko ABU Zariya ranar sayin-awut ka sha kallo. Kowa da farar riga, an yi mata kaca-kaca da maka, har wanda ko gaisawa ba ku taɓa yi ba sai ya rubuta maka "ba zan manta da kai ba" a gadon baya.

Hoton nan saƙo ne, kuma an san masu shi. Duba abin da aka rubuta a ƙasa: "Alhamdulillah, duk da mahassada." Su waye mahassadan? Galibi goggo ce da ta taɓa cewa a gidan suna, "Wai kai har yau ba ka gama bokon nan ba?" Baiwar Allah kuwa da gaskiyarta, tunda yajin aikin ASUU na 2022 kaɗai wata 8 ya lashe.

Budurwa tun asuba tana gaban mai kwalliya. An ɗora hular digiri a kan ɗaurin ɗankwali, ta karkace tana neman faɗuwa, an ɗauka a haka. Fassarar hoton: boko ya ƙare, mai niyya ya turo magabata. Saurayi kuma ya jingina da motar da bai san mai ita ba, ya liƙa sunan kawunsa na Abuja ko za a tuna da shi a maganar aiki. Kawu ya rubuta "Masha Allah", ya kashe waya.

Rigar digirin ma ta aro ce, wannan na cirewa wancan na zurawa, da zufar juna. Tsohon da ya sayar da buhunan masara ya biya kuɗin rajista yana tsaye a gefe da babbar rigarsa ta Sallah, sai ka ji an ce, "Baba, ɗan matsa, kana tare mana haske."

Sai sakamako ya fito. Masu sa'a su wuce bautar ƙasa, a buɗe sabon babin hoto da kaki. Wanda kari-oba ta riƙe wa ƙafa kuwa ba ya goge komai, ai mutum 400 sun riga sun ce barka. Zai dawo da takunkumi a fuska, yana bi ta bayan laburare. In kun yi kiciɓis, kafin ka buɗe baki zai ce, "Kiliyarans na zo yi."