Kowa da Kujerarsa: Mutanen Mashayar Ingila

Baturen Ingila mutum ne mai rowar magana. Sai ku shekara kuna shiga jirgin ƙasa ɗaya kowace safiya bai taɓa tambayarka kwanan iyali ba. Amma da yake shi ma ɗan Adam ne, bakinsa na ƙaiƙayi, sai ya ware wuri guda inda aka yarda mutum ya kula wanda bai sani ba, ba tare da an ce ya sami taɓin hankali ba. Wurin shi ne mashayar unguwa. Nan ake majalisa da cin abincin Lahadi, nan ake taruwa bayan an dawo daga binne mamaci. Mu da addini ya yi mana iyaka da abin da ake zubawa, in aiki ko karatu ya kai mu sai mu tsaya a lemo, kuma mai lemo ya fi kowa kallo, don shi kaɗai ne idonsa ba ya canza launi har a tashi.

Gidan ya daɗe. Tun 1393 Sarki Richard na Biyu ya wajabta wa masu sayar da giya su rataya allo a ƙofa, kuma da yake yawancin jama'a ba su iya karatu ba a lokacin, sai aka koma zane: jan zaki, farar barewa, kambin sarauta. Har gobe Red Lion, wato jan zakin nan, shi ne sunan da ya fi yawa a ƙasar. Allon na tsufa a sake masa fenti, mutanen ciki kuwa kamar gadon kujerun suke yi.

Ginshiƙin gida shi ne ɗan kullum. Kujerarsa tana can ƙarshen kanta, kusa da bango. Ba a rubuta sunansa a jiki ba, amma baƙo ya kuskura ya zauna a kai zai ji ɗakin ya yi tsit. Ba wanda zai ce masa tashi. Tari kawai za a riƙa yi. Ɗan kullum ba ya faɗin abin da zai sha. Yana turo ƙofa, mai zubawa ta ɗauko kofi, a wasu ƙauyukan ma kofinsa na kansa ne, yana rataye a ƙugiya. Hirarsa uku ce: ruwan sama, gwiwarsa, da lalacewar zamani. Zai gaya maka kuɗin kofi guda da sule da kwabo, lissafin da aka soke tun 1971, sannan ya dube ka kamar kai ka ƙara farashin. Ana yi masa dariya, amma a ƙasar da tsoho ke kwana shi kaɗai a gida, in kujerar nan ta kwana biyu ba kowa sai ka ga an tashi wani ya je ya ƙwanƙwasa masa ƙofa. Wannan kam hukuma ba ta iya shi ba.

Idan ya fara cewa da can ya fi, yana da kyau a tambaye shi: ya fi wa wa? A 1964 an kama Paul Stephenson, wani ɗan fafutuka baƙar fata, a Bristol saboda ya ƙi fita daga mashayar Bay Horse da ta ce ba ta sayar wa baƙar fata. A watan Fabrairun 1965, kwanaki kaɗan kafin a kashe shi, Malcolm X ya je Smethwick, inda aka kai shi mashayar Blue Gates ya ga da idonsa ɗakin da aka hana Indiyawa da baƙaƙe shiga. Mata ma sun sha tasu. Sai a 1982 kotun ɗaukaka ƙara ta tilasta wa mashayar El Vino da ke titin Fleet a Landan ta bar mace ta tsaya a kanta ta sayi abinta kamar kowa. Yau a yankin Smethwick ɗin nan mashayu da dama na 'yan asalin Punjab ne, ana gasa kaji da yaji a bayan gida, ɗan kullum kuma yana can ƙarshen kanta yana tanɗar yatsa yana zagin zamani.

Bayan kanta akwai mai gida, ko uwar gida, wadda ita ce alƙali, ita ce ɗan sanda. Mutanen da suka shahara da bin layi, a nan kaɗai ba sa yin layi. Kowa ya jingina inda ya samu, amma mai zubawa ta san wanda ya riga wani, su ma sun sani. Wata masaniyar halayyar jama'a, Kate Fox, ta yi dogon bayani a kan wannan layi da ba a gani. Ba a kaɗa kuɗi, ba a tafi, ba a cewa "ke!". Kofi kawai za ka riƙe ba komai a ciki, ka ɗan ɗaga gira, ka yi fuskar maraya. Babban makamin uwar gida kalma ɗaya ce: kora. Wanda aka ce kada ya sake takowa, a ƙauye mai mashaya guda, gara masa tara a kotu.

Wanda duk wannan ke wucewa ta kansa shi ne ɗan yawon buɗe ido. Ya shigo da iyalinsa, sun zaɓi tebur mai kyau, sun zauna suna jiran a zo a tambaye su me za su sha. Ba mai zuwa. Kowa ya gan su, kowa ya san matsalarsu, kuma kunya ta hana kowa faɗa musu. Bayan rabin awa su tashi su fita suna cewa Ingila ba a iya karɓar baƙi ba.

Sai gwanin zillewa, wanda shi ne na fi so. Al'adar wurin ita ce in mutum biyar suka zo tare, ɗaya ya saya wa kowa, in an shanye na biyu ya tashi, haka har a zagayo. Adashe ne na dare ɗaya, kuma kowane adashe da mai kwasa ya gudu. Shi wannan ladabinsa ya fi na kowa a bakin ƙofa: shi ke buɗewa ya ce bismilla, ku shige, don ya zama na ƙarshe a isa kanta. Yana sha a hankali in nasa na matsowa, ya kwankwaɗe in na wani ne. Da zarar an zo kansa, mararsa ta cika, ko igiyar takalminsa ta kwance, ko matarsa ta bugo waya, wayar da ba wanda ya ji ƙararta. Ba a taɓa yi masa magana a gabansa. Ana dai ajiye lissafin, shekara da shekaru, har ranar jana'izarsa wani zai ce, "Mutumin kirki ne, sai dai hannu." Ya yi rashin sa'ar zamani, don an taɓa yin lokacin da doka ke bayansa. A 1915, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya, gwamnati ta ga ma'aikatan ƙera makamai na zuwa aiki suna tangaɗi, sai ta haramta wa mutum ya saya wa wani giya, ta rage awannin buɗewa. Minista Lloyd George har cewa ya yi giya ta fi jiragen ƙarƙashin ruwa na Jamus yi musu ɓarna. A 1916 ma gwamnati ta ƙwace mashayun Carlisle ta riƙa gudanar da su da kanta, ba ta sake su ba sai bayan shekara hamsin da wani abu. Da marowaci zai samu, da gobe an dawo da dokar 1915.

Akwai malamin giya, mutumin da ya mayar da shaye-shaye karatu. Gemu gare shi, da ɗan littafi a aljihu. Ɗan ƙungiyar CAMRA ne, wadda wasu abokai huɗu suka kafa a 1971 don yaƙar giyar manyan kamfanoni da ake turowa da iskar gas. Shi sai ta ganga, wadda ake janyowa da famfon hannu daga ɗakin ƙarƙashin ƙasa, ba sanyi ƙarara ba, wajen digiri 12. In aka miƙo masa ba ya sha nan take. Ya ɗaga kofin saitin fitila, ya sansana, ya kurɓa, ya lumshe ido, ya rubuta. Ya san kofi cikakke mililita 568 ne, saboda haka in kumfa ta ci masa faɗin yatsa zai mayar a cike. Mutanen arewacin Ingila na son kumfa mai kauri, na kudu na ganin cuta ce, kuma yana iya kwana yana yi maka bayanin wannan saɓani ko da ka rantse masa lemo kake sha.

Kusa da shi sarkin gardama yake zama. Wannan har littafi aka yi dominsa. A 1951 shugaban kamfanin giya na Guinness, Hugh Beaver, ya fita harbin tsuntsaye a Ayalan, gardama ta kaure a kan wane tsuntsun farauta ya fi sauri a Turai, aka rasa littafin da zai raba. Daga nan aka ɗauko tagwayen nan Norris da Ross McWhirter, suka fitar da kundin bajinta na Guinness a 1955, don a riƙa kashe irin wannan musu a mashaya. Bai kashe ba. Abin da ya karya sarkin gardama wayar hannu ce: kafin ya gama rantsuwa wani yaro ya duba intanet ya nuna masa. Mafakarsa yanzu daren kacici-kacici, inda aka hana taɓa waya. Shi ke riƙe biro, shi ke soke amsar daidai da wata baiwar Allah ta bayar ya rubuta tasa, in aka karanto sakamako kuma ya ce mai tambayar ne bai iya tambaya ba.

Ƙaninsa masanin tarihi ne. Duk mashayar da ya zauna ita ce mafi tsufa a Ingila. Ta Nottingham, Ye Olde Trip to Jerusalem, ta rubuta 1189 ɓaro-ɓaro a bango. Ta St Albans, Ye Olde Fighting Cocks, ta ce ita tun 793. Masana na ainihi suna jin su suna kawar da kai. Wani labarin yana da tushe: a Eagle ta Kambirij ne Francis Crick da James Watson suka saba zama, kuma can aka ce sun fara shelar gano siffar ƙwayar gado ta DNA a 1953. Amma in har marubuci Charles Dickens ya zauna a duk mashayar da ke cewa ya zauna, to sai a binciki wanda ya rubuta masa littattafan.

Kocin ƙwallo ba sai an gabatar da shi ga mai karatu ba. Tumbinsa ya riga shi isa gaban talabijin, ya san abin da Guardiola bai sani ba. Abin da kawai za a ce a kare shi, a irin wannan gida, Freemasons' Tavern ta Landan, aka kafa hukumar ƙwallon Ingila a 1863. A ɗaya kusurwar ga mai jifan 'yan kibiyoyi, wanda ke rage lissafi daga 501 zuwa sifiri da ka, cikin ƙiftawar ido, amma in aka ce nawa ne kuɗin kofi huɗu sai ya fara laluben tabarau.

Mai "ɗaya tak" ba ya cire kwat. "Rabin kofi zan sha in wuce, ana jirana." Ƙarfe shida ke nan. Ƙarfe goma kwat ɗin na jikin kujera, yana bai wa wani labarin kakarsa. A watan Nuwamban 2021 Allah ya amsa addu'ar irinsa: dusar ƙanƙara ta rufe hanyar Tan Hill Inn, mashayar da ta fi kowace bisa a Birtaniya, mutum wajen sittin suka kwana uku a ciki. Karo na farko ke nan da wani ya bugo gida ya ce ba halin tahowa, kuma gaskiya ya faɗa. A bakin ƙofa kuwa masu taba ne, waɗanda doka ta koro waje tun 1 ga Yuli, 2007, suna rawar sanyi cikin yayyafi, sun kafa tasu majalisar.

Mai lemo aikinsa tuƙi. Shi ke jin labari ɗaya sau uku, kowane da ƙarin gishiri. Shi ake rungumewa wajen goma da rabi a ce, "Wallahi kai ɗan'uwana ne," alhali da safe ko gaisuwa sai da ƙyar. In zagaye ya zo kansa ya sayi masu tsada biyar, shi an saya masa ruwan lemo. Kuma shi ke ganin abin da hotunan katin gaisuwa ba sa nunawa: amai a gefen titi, faɗa a kan ba komai, da wanda albashinsa ke ƙarewa a kanta yara na gida. Kusan sha ɗaya a kaɗa ƙararrawa, alamar saye na ƙarshe, sai ka ga masu ciwon gwiwa sun miƙe da gudu.

Wanda ba za ka gani a ciki ba shi ne mai makoki. A shekarar 2000 mashayun Birtaniya sun kai wajen dubu sittin, yanzu sun dawo wajen dubu arba'in da biyar. Haraji, kuɗin haya da na wuta, arahar giyar kanti da samarin da ba su damu da sha ba sun cinye sauran. Wasu sun zama gidajen haya, wasu shaguna, wasu masallatai. Duk wadda aka rufe, shi ne kan gaba wajen sa hannu a takardar koke. Da Crooked House, karkatacciyar mashayar nan ta kusa da Dudley, ta ƙone a watan Agustan 2023 aka rushe ta bayan kwana biyu, har hawaye ya yi a Facebook, ya ce an kashe zuciyar al'umma. Ka tambaye shi yaushe rabonsa da shiga ta bakin layinsu, sai ya yi shiru yana ƙirga da yatsu, sannan ya ce ai da farashin nan wa zai iya, shi katan yake saya a babban kanti ya sha a gaban talabijin.