Ai Ba Mu Yi Masa Ƙarya Ba

A Ottawa, babban birnin Kanada, idan hunturu ya kankama dusar ƙanƙara kan rufe hanya da ƙofar gida da wurin ajiye mota, sai an ɗauko masu injin kwashewa kafin mutum ya iya fita neman abinci. Sana'a ce mai zaman kanta. Wani ƙaramin kamfani mai suna C.M. Callow da ita yake ci. A 2012 ya sa hannu a kwangila da wani rukunin gidaje da ake kira Baycrest, wanda ƙungiyoyin masu gida goma suka haɗu suka naɗa wa kwamiti guda. Aikin na hunturu biyu ne, daga Nuwamba 2012 zuwa Afrilu 2014. Akwai kuma wata kwangilar daban ta lokacin zafi, ta yankan ciyawa da gyaran harabar gidajen.

A cikin takardar hunturun akwai sashe na 9, wanda ya ba masu gidajen damar sallamar kamfanin duk lokacin da suka ga dama, in dai sun ba da notis na kwana 10. Mai kamfanin ya karanta, ya yarda, ya sa hannu. A riƙe wannan, domin a kansa masu gidajen za su tsaya daga baya.

Hunturun farko ya wuce da 'yan ƙorafe-ƙorafe, aka zauna aka tattauna su. Wajen watan Maris ko Afrilu na 2013 kwamitin ya yanke shawarar soke kwangilar hunturu. Haƙƙinsu ne, babu mai ja. Sai dai ba su gaya masa ba. Tunaninsu shi ne, idan ya ji yanzu zai iya yin sanyi da aikin ciyawa, su kuwa suna so a gama musu shi lafiya.

Bawan Allah ya ci gaba da zuwa aiki. Yana haɗuwa da wasu 'yan kwamitin, ana gaisawa, ana taɓa hira, har ana yi masa maganganun da suka sa ya ɗauka ba ma ƙarasa kwangilar kaɗai ba, sabuntawa ce ke tafe. Don neman gindin zama sai ya shiga yin aikin da ba a biya shi ba, ya gyara musu lambuna kyauta. Suka karɓa, suka yi godiya. Wani ɗan kwamitin ma ya rubuta wa ɗan'uwansa saƙo yana cewa ya lura mutumin nan ya ɗauka har yanzu shi ne zai yi aikin hunturu, amma shi bai ce masa uffan ba, don ba ya son shiga abin da ba ruwansa. Wato ya ga makaho ya nufi rijiya, ya matsa gefe ya ba shi hanya.

Ranar 12 ga Satumba 2013 takardar sallama ta iso, da kwana 10 cif kamar yadda aka rubuta. A lokacin masu neman mai kwashe ƙanƙara sun yi nisa da ɗaukar nasu, shi kuma bai nemi wani aikin ba, ga injin da ya yi haya saboda wannan aikin.

Da aka je kotu, hujjar masu gidajen tsaf take. Ina sashen da muka karya? Kwana 10 aka ce, kwana 10 muka bayar. Ina aka rubuta cewa sai mun sanar da shi ranar da muka yanke shawara? Aikin lambu kuwa, wa ya sa shi? Alƙaliyar farko, Mai Shari'a O'Bonsawin, ba ta karɓi wannan ba, ta ba Callow gaskiya a 2017. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Ontario ta rushe hukuncin a 2018, tana ganin abin da suka yi ko da bai yi kyau ba, bai kai karya yarjejeniya ba. Kada a raina wannan ra'ayi. Dokar kwangila da Kanada ta gada daga Ingila ta daɗe a kan cewa kowa ya kula da kansa, abin da aka rubuta shi ne abin da ake bi.

Amma tun 2014, a shari'ar Bhasin, Kotun Ƙolin Kanada ta riga ta ce duk wanda ya shiga kwangila akwai wajibin gaskiya a kansa wajen aiwatar da ita, ko an rubuta ko ba a rubuta ba, kuma ba a iya cire shi da wani sashe. Ranar 18 ga Disamba 2020 ta ɗora shari'ar Callow a kan wannan ma'auni. Alƙalai takwas cikin tara suka ba mai kwashe ƙanƙara gaskiya. Mai Shari'a Kasirer, wanda ya rubuta babban hukuncin, bai ce dole ka buɗe wa abokin hulɗarka cikinka ba. Abin da ya ce shi ne ba ka da ikon ɓatar da shi da gangan, kuma ɓatarwa ba sai da ƙarya ƙarara ba: rabin gaskiya na yi, tsallake magana na yi, shiru ma na yi idan kai ka taimaka wajen dasa zaton, ka kuma san ya kama. Aka maido da diyyar da kotun farko ta yanke, sama da dalar Kanada 64,000 ta ribar da ya rasa, ban da kuɗin hayar injin.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne, babu mugu ko ɗaya a labarin irin wanda ake nunawa a fim. Mutanen kirki ne masu fara'a, kowa yana cewa ba shi ne zai faɗa ba.

To, alhamdu lillahi, mu nan ba a yi mana dusar ƙanƙara, saboda haka labarin bai shafi kowa ba. Bai shafi mai gidan da ya riga ya karɓi kuɗin sabon ɗan haya, yana tsaye yana sa wa tsohon albarka lokacin da yake yi wa ɗaki sabon fenti da siminti ba. Bai shafi mai makarantar da ya san ba zai riƙe malama zango mai zuwa ba, amma ya bar ta tana koyar da darasin hutu kyauta. Bai kuma shafi Alhajin da ke ce wa yaron shagonsa "bari dai mu ga bayan Sallah" alhali tun kafin azumi ya yi wa ɗan ƙanwarsa alkawarin wurin ba. Duk cikinsu babu wanda ya yi ƙarya, kuma kowa zai iya dafa Alƙur'ani a kan haka.

Idan dai akwai wanda ka riga ka sallama a ranka, shi kuwa yana nan yana yi maka aiki da murna, ka kira shi yau ka gaya masa, tun ana ɗaukar ma'aikata a wani wurin.