Raɗin Suna Babu Rago

Mai rubuta manhaja da aka ce ya juya haruffan Sinanci zuwa pinyin, rubutun boko da ƙasar Sin ta amince da shi a 1958, yakan ɗauka aikin rabin yini ne: jadawali guda, harafi a hagu, lafazi a dama, sai a tafi cin abinci. Ashe wasu haruffan baki biyu gare su. 重 wani lokaci zhòng ne, wani lokaci chóng, saboda haka jadawalin nan zai zauna cikin natsuwa ya raɗa wa Chongqing, mai mutum fiye da miliyan 30, sabon suna Zhongqing, babu rago babu goro. Harafin 行 kuwa xíng ne in ana maganar tafiya, amma da ya shiga 银行, wato banki, sai ya koma háng. Dole manhajar ta fara gane kalma kafin ta furta harafi, a rubutun da ba ya barin sarari tsakanin kalmomi.

Wani zai ce a ɗauki lafazin da ya fi yawa, ai galibi za a dace. Haka ne, sai dai kuskuren ba ya faɗawa inda babu mai kallo. Sunayen garuruwa da na iyali yake bi: 单 a magana dān ne, a sunan iyali Shàn. Ga Xi'an kuma, wanda in aka share masa ɗan waƙafin nan na sama, tsohon babban birnin daula zai tsuke ya zama gaɓa ɗaya tak, xian.