Takardar Sallama ga Ma'aunin Tankin Masai na Jirgin Ruwa

Zuwa ga Malam Ma'auni,
Cikin tankin masai, ƙarƙashin gadon matuƙi.

Ina fatan kana lafiya, gwargwadon lafiyar da ake samu a unguwarku. Ba kasafai ake tuna ka ba, domin a jirgin ruwan shaƙatawa hankalin kowa yana kan inji da sitiyari da taswira, kai kuwa an zura ka ta rufin wani tankin roba da aka ɓoye ƙarƙashin katifa ko bayan kabad, inda duk abin da ya bi ta ban ɗaki yake taruwa har a isa tasha a zuƙe shi. Aikinka guda ne tak, wato ka faɗi inda kaya ya kai. Dalilin wannan takarda shi ne in sanar da kai, cikin girmamawa, cewa aikin nan guda ya fi ƙarfinka, kuma yawan wanke ka da ake yi ba zai sauya komai ba. Abin da ya dace shi ne a sallame ka, a ba wani wanda zai yi aikin daga wajen tanki.

Kada ka ɗauka muƙaminka na ado ne, doka ce ta naɗa ka. A Amurka, dokar tsabtar ruwa ta 1972 ta wajabta wa duk jirgin da ke da kafaffen ban ɗaki ya mallaki na'urar kula da bahaya, kuma cikin nau'o'i uku da aka amince da su, na ukun shi ne tankin da kake ciki, wanda ba ya tace komai, riƙewa kawai yake yi. Ƙa'idar rundunar tsaron gaɓar tekun ƙasar ta ce lallai irin wannan tanki ya kasance da abin da zai nuna in ya haura kashi uku cikin huɗu. Wannan abin kai ne. Haramun ne a zubar da ɗanyen bahaya ƙasa da mil uku na teku daga gaɓa, a wasu wuraren ma, irin su Puget Sound tun daga 2018, ko tatacce ba a yarda a saki ba. Holan ta hana jiragen shaƙatawa zubarwa a 2009, Suwidin ta bi sahu ranar 1 ga Afrilun 2015, don Tekun Baltik ba ya saurin sauya ruwansa, abin da aka zuba masa yana daɗewa yana ciyar da gansakuka. Ba kuma tsabar fi'ili ba ne: a 1993 mutane a jihohin Amurka da dama sun kamu da amai da gudawa bayan sun ci kawar da aka kamo a Luwiziyana, aka bi diddigi aka tarar daga kwale-kwalen masu kamun ake juye bahaya a ruwa. To, duk wannan tulin doka, da famfunan zuƙa da gwamnatin Amurka ke tallafa wa ginawa tun dokar 1992, sun rataya ne a kan abu ɗaya, matuƙi ya san lokacin da zai karkata zuwa tasha. Kai aka ɗora wa gaya masa.

Bari mu duba yadda aka halicce ka, don a nan matsalar take. Sanda ce a tsaye cikin tanki, da ɗan zoben roba mai iyo da ke hawa da sauka a jikinta. Cikin zoben akwai maganaɗisu, cikin sandar kuma akwai 'yan ƙananan makunnai a kwalaben gilashi, waɗanda ke haɗewa in maganaɗisun ya zo daidai da su. A tankin man dizal ko na ruwan sha wannan dabara ba ta da aibi, tana iya shekaru ba ta yi tari ba. Amma wanda ya ɗauko ta ya tsoma a masai bai yi maka adalci ba. Yawancin waɗannan jiragen da ruwan teku suke kora ban ɗaki, kuma in fitsari ya haɗu da ruwan gishiri sai ya haifar da wata kanta fara-fara mai tauri, wadda ke bin jikin tiyo da bawul da sandarka tana kauri a hankali. Tishu da ya jiƙe yana naɗe zoben. Laka tana kwanciya a ƙasa ta riƙe shi. Ƙwayoyin da ke rayuwa inda babu iska suna fitar da gas mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, wanda ke cin tagulla in ya samu hanya zuwa ga wayoyinka. Ɗan'uwanka ma, mai ƙusoshin ƙarfe jere a bangon tanki, wanda ke jiran ruwa ya haɗa ƙusa da ƙusa, bai tsira ba: guntun tishu ɗaya ya manne tsakanin biyu, shi ke nan ya fara rantsuwa cewa tanki ya cika. Shaidan da aka ba ɗaki a gidan wanda ake ƙara, yana ci yana kwana a can, wane alƙali ne zai amince da bakinsa?

Ƙaryarka iri biyu ce, kuma ba nauyinsu ɗaya ba. In zoben ya maƙale a sama, fitila ja tana ci dare da rana ko da yanzu aka zuƙe tankin. Wannan mai sauƙi ce a ido, sai dai ita ce ke koya wa mutanen jirgi su daina kallon fitilar gaba ɗaya, ranar da za ta faɗi gaskiya babu mai saurara. In kuwa a ƙasa ya maƙale, allura tana nuna wayam alhali kaya yana ta hawa. Daga nan mai tura famfon ban ɗaki zai ji hannun ya yi nauyi, ya ƙara ƙarfi, abin da ya rasa wurin zama ya bi siririn bututun shaƙar iska ya gangaro ta gefen jirgi, galibi a tasha, a gaban maƙwabta. In akwai matatar gawayi a kan bututun, ta jiƙe ta toshe. Tanki mai toshewar numfashi kuwa haɗari ne ta fuska biyu: wanda ya kwance murfin zuƙa da ke saman jirgi yana iya yin wankan da bai shirya ba, in kuma aka haɗa famfon tasha, ƙarfin zuƙa yana iya lotsa tankin ko ya tsaga shi.

Na san abin da za ka fara cewa: ba kullum laifinka ba ne, sau da yawa waya ce. Wannan gaskiya ne, kuma duk makanikin kirki ba ya kwance ka sai ya wanke sauran waɗanda ake zargi. Zai duba fis, ya tabbatar wutar batir tana isa geji, ya bi wayar nagatif ya ga ko bakinta ya yi kore. Akwai ma wani abin dariya a danginku masu aiki da geji mai allura. A tsarin Amurka, om 240 yana nufin wayam, om 33 yana nufin cike. A tsarin Turai abin a juye yake, daga sifili ko 10 in wayam zuwa 180 ko 190 in cike. Wanda ya sayi ma'aunin Turai ya haɗa da gejin Amurka zai ga tankinsa yana raguwa duk lokacin da wani ya shiga ban ɗaki. Haka nan in waya ta tsinke, gejin Amurka zai faɗi ƙasa ya ce babu komai, na Turai ya haura sama ya ce an cika. Gwajin ba wuya: a gejin Amurka a cire wayarka a taɓa ta da nagatif, in allura ta harba zuwa cike, geji da waya sun fita, sai a ɗora mita a kanka. To amma lura, Malam, wannan hujja ba ta cece ka ba. Waya in an yanke ruɓaɓɓen bakinta, aka sa sabuwa mai rufin kuza aka matse aka rufe da robar da ke tsukewa da zafi, an gama da ita na tsawon shekaru. Kai kuwa ana mayar da kai cikin abin da ya kashe ka ne.

Hujja ta biyu ta masoyanka ita ce mai jirgi ne malalaci. Da yana ɗauraye tanki da ruwan daɗi bayan kowace zuƙa, yana amfani da tishu mai saurin narkewa, yana ɗan zuba ruwan khal a ban ɗaki don ya rage kanta, da ka yi tsawon rai. Ban musa ba, kuma tankin kansa yana son wannan kulawa ko kana nan ko ba ka nan. Sai dai a duba abin da gyaranka yake ci. A zuƙe tanki, a cika da ruwa a sake zuƙa, a ɗage katifa, a buɗe duk tagogi, a sa safar hannu, a kwance sukurori biyar da ke riƙe da kanka, a zaro ka a hankali da bokiti a ƙasa, a jiƙa ka cikin khal har kanta ta yi laushi, a kankare da tsohon buroshin haƙori, a ja zoben sama da ƙasa ana kallon mita, sannan a mayar da kai da sabon gaskit, don tsohon in ya sha matsa ba ya sake riƙe wari. Mutum ya yi duk wannan kwance a kan cikinsa, kansa cikin rami. Na'urar da aka saya don ta hutar da mutum leƙen masai, in ta zama ita ce dalilin buɗe masai duk kaka, ta ci amanar abin da aka ɗauke ta dominsa.

Saura masu cewa da babu gara ba daɗi, kuma kai mai araha ne. A nan karin maganar bai zauna ba. Wanda ba shi da ma'auni ya san bai sani ba, don haka yana lissafin kwanaki da yawan mutanen da ke jirgi, ko ya ɗauki tocila ya manna a bangon tankin roba ya ga layin duhu da idonsa. Wanda ke da kai kuwa hankalinsa a kwance yake, kuma kwanciyar hankalin nan ita ce ke kai shi ga abin kunya. Arahar kuma a kanti take, ba a haɗa da matatar da ta toshe ko katifar da aka jefar ba.

Magadanka suna nan, ba kuwa mala'iku ba ne. Akwai mai siraran faifan alminiyom da ake mannawa a bayan tanki, yana jin tsayin ruwa ta cikin bango. Ba ya aiki a tankin ƙarfe, kuma in laka ta yi kauri a bangon ciki shi ma yana iya ruɗewa. Akwai irin na kamfanin Gobius na Suwidin, wanda ke girgiza bango ya saurari yadda ya amsa, yana kuma yi wa ƙarfe da roba aiki, in dai an manna shi da kyau a wuri mai santsin fuska, nesa da kusurwa. Akwai mai zama a rufi yana aika sauti ƙasa yana jiran dawowarsa, wanda kumfa ko raɓar da ta taru a fuskarsa kan yaudara. Dukansu sun fi ka tsada. Bambancin shi ne babu wani abu mai motsi a jikinsu da tishu zai naɗe, kuma biyun farko in sun yi kuskure ana gyara su da hannu mai tsabta, ba tare da an buɗe komai ba.

Saboda haka ga yadda miƙa mulki zai kasance. Za a zuƙe tanki a ɗauraye, a cire wayoyinka a naɗe bakinsu. In gaskit ɗinka bai fara sakin wari ba, an yarda ka ci gaba da zama a raminka a matsayin murfi, ba albashi, ba magana. In ya fara, za a zaro ka a toshe ramin da faifai da sabon gaskit. Magajinka za a nuna masa tanki wayam, sannan a cika da ruwan famfo a nuna masa cike, a daidaita gargaɗinsa a kashi uku cikin huɗu kamar yadda doka ta nema. Kafin a rufe katifa kuma a busa bututun shaƙar iska, don zanzaro yana son gina ɗakinsa a bakinsa, kuma wannan laifin ko ni ba zan ɗora maka ba.

Ka huta lafiya.

Naka,
Mai yi maka fatan murabus cikin mutunci.