Hukumar Binciken Tufka da Warwara

A Ingila akwai wata sana'a wadda ba albashi, ba fansho, amma masu yin ta ba sa ɗaukar hutu: kama marubutan shirin Doctor Who da ƙarya. BBC ta fara nuna shirin ranar 23 ga Nuwamba, 1963, washegarin harbe Shugaba Kennedy na Amurka, kuma tun daga lokacin ake haihuwar 'yan sa-ido, su girma, su yi furfura, su bar wa 'ya'yansu gadon littattafan da suka cika da kurakuran da suka kama.

Ga wanda bai san shirin ba, labarin wani bawan Allah ne da ake kira Dakta, ɗan wata duniya mai suna Gallifrey. Zuciya biyu gare shi. Abin hawansa wani shuɗin akwati ne irin wanda 'yan sandan Landan ke buga waya a ciki a da, daga waje da ƙyar ya ɗauki mutum biyu, daga ciki kuwa fada ce guda. In ya ga dama ya karya kumallo a zamanin Rumawa, ya ci abincin dare a shekara ta biliyan 5. In ajali ya matso, sai ya sake jiki da fuska ya ci gaba da harkokinsa. An ƙirƙiro wannan dabara ne a 1966, da rashin lafiya ta kama William Hartnell aka ɗauko Patrick Troughton ya maye gurbinsa.

Duk wannan ɗan sa-ido ya haɗiye shi ko ruwa bai nema ba. Zuciya biyu, ya amince. Akwatin da cikinsa ya fi wajensa girma, ya ce madalla. Abin da ya tsaya masa a maƙogwaro, har ya hana shi barci, shi ne shekarun Dakta. A 1967 Dakta ya ce yana da wajen 450. A 1987 ya ce 953. Aka dakatar da shirin a 1989, aka dawo da shi a 2005, sai ga mutumin nan, bayan ya sake jiki har sau biyu, yana cewa shekarunsa 900. Ya zaftare 53 ba tare da ya ƙifta ido ba. Mu da muka saba ganin ma'aikacin da ritaya ta tunkaro ya leƙa kotu da safe ya fito da takardar rantsuwa da ta mayar da shi ƙanen ƙanensa, wannan ba zai ɗaga mana hankali ba. Baturen da ke da littafin lissafi kuwa, har yau bai huce ba.

Sai batun Atlantis, birnin nan na almara da aka ce teku ta haɗiye. Shirin ya halaka shi a 1967 ta hannun wani mahaukacin masanin kimiyya. A 1971 wani dodo mai ƙaho ya bugi ƙirji ya ce danginsa ne suka hallaka shi. A 1972 aka sake rusa shi, wannan karon wata halitta mai cin zamani ce ta yi aikin. Birni ɗaya, jana'iza uku, kuma babu wanda ya je ta'aziyya ya tuna cewa ya taɓa zuwa.

Uwa uba, rikicin Birgediya Lethbridge-Stewart, sojan da ya jagoranci rundunar UNIT mai yaƙar baƙin halittu. A wani kashi na 1975, abokiyar tafiyar Dakta, Sarah Jane, ta faɗa da bakinta cewa daga 1980 ta fito, lokacin kuwa Birgediya na bakin aiki. Aka zo 1983 wani kashin ya ce ai Birgediya ya yi ritaya tun 1976, yana koyar da lissafi a makarantar kwana ta maza. To, wane ne ke ba da umarni a bariki a 1980? Fiye da shekara 40 ana wannan shari'a. Mutanen da ba su iya tuna ranar auren kansu sun haddace ranar ritayar sojan da bai taɓa rayuwa ba.

'Yan sa-idon nan kuma aji-aji ne. Mafi haɗari shi ne mai rimot. Iyali sun zauna, labari ya yi zafi, dodo ya ɗaga hannu zai kai wa yarinya cafka, sai hoto ya daskare.

"Kun gani? Kun ga kofin nan? Ɗazu a hannun dama yake."

"Maigida, don girman Allah sake mana, yarinyar nan za ta mutu."

"Ba inda za ta, Hajiya, tana nan a daskare. Bari in mayar da shi baya ku gani da idonku."

Haka shirin minti 45 zai ci sa'a biyu, yara su ɓingire da barci a kan kujera, shi kuwa ya tashi fuska cike da annuri kamar wanda ya kama ɓarawo da hannu a tukunya. Ka tambaye shi yadda labarin ya ƙare, sai ya hau sosa ƙeya. Kofi ya zo kallo.

Aji na biyu su ne malaman nasaba, masu manna takardu a bango suna haɗa su da jan zare. Waɗannan sun sami aljannar duniya a shirin Dark na Jamus, wanda Netflix ta nuna daga 2017 zuwa 2020, inda kwan-gaba-kwan-bayan zamani ya kai ga Charlotte ta haifi Elisabeth, ita kuma Elisabeth ta haifi Charlotte. Kowacce uwar uwarta ce. Za ka ga mutum ya zana bishiyar gidaje huɗu na garin Winden ba kuskure ko ɗaya, amma ka tambaye shi sunan kakar mahaifinsa ya ce bari ya buga wa goggo waya.

Aji na uku su ne lauyoyin sa-kai. Su a wurinsu marubuci ba ya kuskure, kai ne dai ilminka bai kai ba. Shekarun Dakta sun ragu? Ai da kalandar wata duniyar yake ƙirga. Atlantis uku? Ai unguwanni uku ne masu suna ɗaya. A fim ɗin talabijin na 1996 Dakta ya ce ta wajen uwa shi rabin ɗan Adam ne, daga baya aka share zancen kamar ba a yi ba? Ai wasa yake yi. Marubucin da ya yi kuskuren ya karɓi kuɗinsa ya manta tun tuni, lauyansa na nan da tsakar dare yana ɗinke masa ɓaraka kyauta.

Da marubutan suka ga abin ba mai ƙarewa ba ne, sai suka fara ramuwar gayya. A 1976 an kafa doka cewa sau 12 kawai Dakta zai iya sake jiki. Da lissafi ya cika a 2013, sai mutanen garinsu suka aiko masa da sabon kaso, shari'a ta watse. A 2010 kuwa marubuci Steven Moffat ya yi abin da ya fi haka rashin kunya: ya tsaga bangon ɗakin wata yarinya mai suna Amy Pond, ya ce duk abin da ya faɗa cikin tsagar nan an goge shi daga tarihi. Daga ranar, ka tambayi me ya sa wance ba ta tuna abin da ya faru bara ba, sai a nuna maka bango.

A zangon nan ne kuma ya ɗana musu tarko. A wani kashi, Dakta ya suɓuce wa dodanni ya bar musu kwat ɗinsa. Jim kaɗan sai ga shi a wani fage da kwat a jiki. Masu rimot suka yi ta murna, an kama BBC dumu-dumu. Bayan makonni 8, a kashin ƙarshe, aka nuna cewa Daktan gaba ne ya dawo baya da kwat ɗinsa, da gangan aka saka. Kana tsammanin za su ji kunya? Washegari kowa ya ce shi dama tun farko ya gane.

Babban giɓin shirin ma ba marubuci ne ya haƙa shi ba. A shekarun 1960 da 1970 BBC ta riƙa goge tsofaffin kaset don ta sake naɗar wasu shirye-shirye a kai, har kashi 106 na Doctor Who suka rage a ɓace kafin 2013. A shekarar ne aka sanar cewa wani mai farautar tsofaffin finafinai, Philip Morris, ya gano 9 daga cikinsu a wani ɗakin ajiya na tashar talabijin a Jos, ragowar kwafin da aka sayar wa ƙasashen waje. Abin da Landan ta zubar, Filato ta adana. Sai dai a labarin The Web of Fear, kashi na 3 bai dawo ba, kuma shi ne kashin da aka fara nuna fuskar Birgediya, lokacin yana Kanar. Mutumin da aka kasa gane ranar ritayarsa, ranar kama aikinsa ma ta yi layar zana.

In za a yi adalci, waɗannan masu ƙorafi su ne suka riƙe shirin a shekaru 16 da ya yi a kwance. Wanda ba ya ƙaunar abu ba ya ƙirga maɓallan rigarsa. Kuma Allah ya tanadar musu hukuncin da ya dace da laifinsu, wato a miƙa musu alƙalami. A 1995 Paul Cornell da abokansa biyu suka fitar da littafin The Discontinuity Guide, wanda ya jera kurakuran shirin labari bayan labari. A 2005 aka ba shi ya rubuta kashi guda. Ya kawo wasu dodanni masu fukafukai da ke dirowa su cinye jama'a idan an taɓa tarihi. Tun daga nan Dakta ya taɓa tarihi ya fi a ƙirga, dodannin Cornell ba su sake leƙowa a talabijin ba. Mai littafin kurakurai ya ƙara wa littafin shafi da hannunsa. Laifi tudu ne.

Na Chris Chibnall ya fi ban tausayi. A 1986, yana ɗan shekara 16, ya bayyana a shirin Open Air na BBC sanye da kwat da tabarau, ya zazzage wa marubutan lokacin kwandon suka, su kuwa suna saurare. A 2018 ragamar shirin ta dawo hannunsa. A 2020 ya fito da labarin cewa Dakta ba ma ɗan Gallifrey ba ne, tsintacce ne, kuma ya sha sake jiki tun kafin Hartnell. Littattafan lissafin shekara 57 suka tashi a banza cikin dare ɗaya. 'Yan sa-ido suka kakkaɓe tsohon faifan nan na 1986 suka yi ta yaɗa shi, aka wayi gari yaro ɗan 16 yana yi wa kansa ɗan 50 faɗa a bainar jama'a.

Saboda haka in Allah ya jarrabce ka da mai rimot a gida, kada ka ɓata bakinka da gardama. Sayo masa biro da littafi mai shafi 80, ka ce ya rubuto maka kashi ɗaya tak, wanda mutum zai koma jiya ya dawo yau ba tare da ya taka ƙafar kansa ba. Kafin ya gama, kun kalli zango uku cikin kwanciyar hankali. In kuma ya gama, ku tara yara, ku ba shi kujerar tsakiya, Hajiya ta riƙe rimot.